Canjin yanayi: aikin ɗan jarida shi ne rarrabe aya da tsakuwa

Akwai kalmomin da yawan faɗa yake kashewa. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, «dimokuraɗiyya» ce ta sha wannan wahala: mai satar akwatin zaɓe da wanda aka sace wa akwatin, kowa da sunanta yake rantsuwa. Yau «canjin yanayi» ce ta gaje ta. Gada ta karye, a ce canjin yanayi. Buhun hatsi ya yi tsada, a ce canjin yanayi. Manomi da makiyayi sun zubar da jini a kan burtali, a ce canjin yanayi. Babban ma'aikaci da ita yake buɗe taro a Yamai, mai neman kuɗin furoje da ita yake cika takarda, ɗan jarida kuma ya kwashe ya kai wa jama'a yadda ya ji ta. Kalmar da aka ɗora wa bayanin kome, a ƙarshe ba ta bayanin kome.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, ba a wajen shawo kan jama'a wahalar take ba. Manomi ya riga kowa sanin cewa damina ta canza hali. Wahalar da ke gaban ƴan jarida ita ce su rarrabe, a cikin kowace masifa, abin da ya sauko daga sama da abin da hannun mutum ya ƙulla a ƙasa, sannan su faɗe shi da harshen da mai gona da mai rumfa za su iya aiki da shi.

In ana so a gwada wannan magana, babu wurin da ya fi Ɗan Barto dacewa. Garin yana cikin gundumar Kance, kudu da Matamaye, a bakin iyaka, a kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Takeita, ta shiga Kwangwalam da Daura, har ta dangana da Kano. Ta nan wake da dabbobi suka saba gangarawa kasuwar Mai'aduwa da ta Dawanau, ta nan kuma kayan masarufi suke haurowa. Mutumin Ɗan Barto da ido biyu yake rayuwa, ɗaya a kan hadarin gabas, ɗaya a kan canjin naira da sefa. Idan tiyar gero ta tashi a kasuwarsa, yana da haƙƙin a gaya masa dalili: ruwa ne ya yanke, ko iyaka aka rufe, ko naira ce ta faɗi, ko wani ne ya kulle sito yana jiran bazara? Jaridar da ta amsa masa da kalma guda ta yaudare shi, ko da kalmar gaskiya ce.

Bari mu fara da abin da ya tabbata, don kada a ce muna musun rana. Tun da aka soma ƙona kwal da man fetur da gas a masana'antun Turai da Amurka, iskar kabon da ke sararin sama ta ƙaru da kimanin rabin abin da take a da. Wannan iska tana tsare zafi kamar yadda bargo yake tsare ɗumin jiki. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ba a taɓa auna shekara mai zafin 2024 ba, domin ta haura zamanin kafin masana'antu da kusan digiri 1.5. A farkon Afrilun wannan shekara ma'auni ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali. Iska mai zafi tana ɗaukar tururi fiye da mai sanyi, kimanin kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri, shi ya sa in ta tashi saki sai ta saki da yawa. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Alhali Afirka baki ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi ba. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan karo, tsuntsun da ya ja ruwan yana cikin inuwa, mu ne a waje.

Wannan ke nan. To, daga nan zuwa kunnen mai sauraro a Ɗan Barto akwai shingaye, kuma na farkonsu harshe ne. Labarin canjin yanayi da Faransanci yake iso mana, Faransancin ma na rahoto, wanda ko ɗan jami'a sai ya karanta sau biyu. Faransanci ya raba «météo», wato halin da sama take ciki yau da gobe, da «climat», wato halin da ta saba a tsawon shekara 30 ko fiye. Hausa ta haɗa su duka a cikin «yanayi», har ta ƙara da yanayin siyasa da yanayin rayuwa. Mai gabatar da labarai ya ce yanayi ya canza, mai sauraro ya ɗaga kai ya ga hadari ya washe, ya ce gaskiya ne. Ba magana ɗaya suke yi ba. Haka zancen ma'auni. In aka ce duniya ta ƙara digiri ɗaya da rabi, wanda yake ganin bambancin digiri 15 tsakanin asuba da azahar dariya zai yi. Amma in aka ce masa jikin ƙasa kamar jikin yaro ne, digiri ɗaya da rabi a kansa zazzaɓi ne, zai tsaya ya saurara. Ana karanta milimitocin ruwan sama a rediyo kowace damina, amma ba safai ake bayyana cewa milimita guda lita guda ce a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, ko kuma cewa milimita 80 a dare ɗaya da milimita 80 a cikin sati 3 ba ɗaya ba ne ga gero. A watan Maris na 2025 an ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Matsayi a takarda ba ya haifar da kalmomi. Sai ƴan jarida da masana da manoma sun zauna wuri guda sun ƙera su.

Hasashen damina ya fi kome nuna wannan giɓi. Muna da sa'ar da ƙasashe da yawa ba su da ita: cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, a Yamai take, haka ma cibiyar ACMAD ta Afirka. Kowace shekara, kafin faɗuwar ruwa, masana suna fitar da hasashen damina. Sai dai hasashen ba alkawari ba ne, rinjaye ne. In sun ce, a misali, an fi sa ran ruwa mai yawa, akwai sauran kaso da suka bar wa matsakaicin ruwa da kuma ƙarancinsa, kuma maganarsu a kan yanki take, ba a kan gonar wane ba. Kanun labari ba ya son wannan dogon zance, sai ya yanke: «Bana za a yi ruwa.» Manomi ya yi binne, ko ya zuba irinsa da ruwan farko, sai a ɗauke kwana 20. Ya yi asarar iri, rediyo kuma ta yi asarar amana. Badi ko gaskiya tsagwaronta aka faɗa masa ba zai ɗauka ba. Abin da yake buƙata shi ne a gaya masa lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwan shuka, da yiwuwar dogon tsaiko bayanta, da irin da ya kamata ya ajiye a gefe, kamar geron HKP mai saurin nuna. A nan jimla ɗaya da aka yanke ba daidai ba buhunan hatsi take ci.

Shinge na biyu shi ne labarin da kansa ba ya tafiya a miƙe. An shekara 30 ana gaya wa jama'a cewa fari ne makomarsu, saboda abin da aka gani a 1973 da 1984. Sai ga shi ruwa ne yake rusa gidaje. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan 1. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi. An ɗage komawa makarantu daga farkon Oktoba zuwa ranar 28, don ajujuwa sun cika da waɗanda suka rasa muhalli. Mai sauraro yana da hujjar tambaya: wai fari ne ko ambaliya? Amsar ita ce duka biyun, kuma a damina guda ana iya ganinsu. Jimillar ruwan shekara ta farfaɗo idan aka kwatanta da shekarun 1980, amma rabonsa ya lalace: ya sauko da fushi, ya ɗauke, ya dawo. Wannan bayani yana cin minti 5, ba ya shiga kanun labari. Wanda bai ba shi minti 5 ɗin ba, ya bar jama'a da zaton masana ba su san abin da suke faɗa ba.

Akwai kuma labaran da suka tsufa amma aka ƙi binne su, don suna da daɗin faɗa. Har yau ana rubuta cewa tafkin Cadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Lalle ya ragu ƙwarai tsakanin shekarun 1960 da na 1980, amma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa tun shekarun 1990 raguwar ta tsaya, ruwan ma ya ɗan dawo. Haka zancen gurgusowar hamada, wanda ake faɗa kamar rairayi runduna ce mai tafiya kudu da ƙafa. Duk wanda ya bi hanyar Matamaye da rani ya ga gonaki cike da gawo. A 2006 wani bincike da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a Magarya da Matamaye da Mirya ya ƙiyasta cewa manoma sun rayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 1. A faɗin kudancin ƙasar ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Ba dasa su aka yi ba. Tohon da ya fito da kansa manomi ya bari, ya gyara, ya tsare, abin da ake kira sassaben zamani. Gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, ba ya hana gero rana, ya ba ƙasa taki, ya ba dabba abinci da rani. Wannan aiki ya yi ƙarfi ne lokacin da manomi ya fara jin cewa itacen da ke gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun zo suka tarar da shi a kan hanya. Kuma an yi shi ne a yankin da ya fi kowane cunkoson jama'a, inda ake zaton yawan mutane sai dai ya cinye daji. An shekara kusan 20 ana yin wannan aiki kafin duniya ta ji labarinsa, kuma ta bakin masu bincike ta ji. Kyamarori sun fi son bikin dashen itace na 3 ga Agusta, inda babban mutum yake riƙe da butar ban ruwa.

Shinge na uku ya fi sauran hatsari, domin siyasa ce. Canjin yanayi mai laifi ne da ba shi da ofis, ba a kai shi kotu, ba ya tsayawa zaɓe. Saboda haka duk mai abin ɓoyewa yana sonsa. Talakawan wannan yanki sun fi rahotanni iya rarrabewa. Yunwar 1984 fari ne ya kawo ta, babu musu. Amma da suka tashi raɗa mata suna, sai suka ce El-Buhari, domin a watan Afrilu na wannan shekara Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai 1986, hatsin kudu ya kasa haurowa, ɗan ci-rani ya kasa gangarawa. Da suna guda sun faɗi abin da ya kamata jarida ta faɗa: rashin ruwa daga sama yake, amma yunwa sai an taimaka mata. Kafin nan, a Afrilun 1974, sojojin da suka kifar da Diori Hamani da yadda aka tafiyar da taimakon fari suka kafa hujja.

A 2005 an sake karatun. Farin ɗango da yankewar ruwa sun taɓa amfanin 2004, amma giɓin bai kai girman masifar da ta biyo baya ba. Kasuwanni suna da hatsi, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka: buhun gero ya haura jaka 25. Ƴan kasuwar kudu suna saye da tsada, wasu maƙwabta sun tsare nasu hatsin, gwamnati kuma a farkon shekarar ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan wasu kayan masarufi, har jama'a suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa. Yaran da suka fi galabaita a Maraɗi da Damagaram suke, wato a rumbun ƙasar. A watan Agusta shugaba Tandja Mamadou ya gaya wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, a Afrilun 2006 kuma aka janye wa wata tawagar gidan izinin ɗaukar labarin ƙarancin abinci. Ɗan jaridar da ya rubuta «fari» ya tsaya, a wannan shekara, ya wanke mutane da yawa da ba su cancanci wanki ba.

Ɗan Barto ya sake ganin irin haka a idonsa. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A tsakiyar 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, ta saki naira ta faɗi. A Oktoban 2024 hukumomin Nijar suka hana fitar da hatsi zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya motsa farashin tiya, kuma babu wanda hadari ya kawo. Su kansu masana suna yin wannan taka-tsantsan. Ƙungiyar World Weather Attribution, mai auna hannun ɗumamar duniya a cikin bala'o'i, ta ce zafin Afrilun 2024 a Sahel ba zai kai haka ba in ba don ɗumamar ba, ta ce kuma ruwan 2024 ya ƙara ƙarfi saboda ita. Amma da ta duba matsalar abinci ta 2022 a tsakiyar Sahel, sai ta fi ɗora nauyin a kan talauci da rashin tsaro da tsadar kaya, ta kuma koka da ƙarancin ma'aunan ruwa a yankin. In masana suna rarrabewa haka, ɗan jarida ba shi da hujjar yin jam'u.

Haka nan ambaliya. Ruwan da ya sauko na sama ne. Amma wa ya yanka filaye a kan hanyar ruwa ya sayar? Wa ya karɓi kwangilar magudana? Yaushe rabon da a yashe ta? Madatsar Alau da ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumban 2024 an daɗe ana kukan lalacewarta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tambayoyin nan su ne aikin jarida, kuma su ne kalmar «canjin yanayi» take rufewa in aka yi amfani da ita kamar mayafi.

Shinge na huɗu talauci ne. Tun da Haské ta fito a 1990, Le Républicain ta biyo a 1991, jaridun ƙasar nan masu zaman kansu a Yamai suka tare, da Faransanci suke fita, a ƙasar da wajen kashi 2 cikin 3 na manya ba sa karatun boko. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Wakilin da ke jiha, in yana da albashi, ba ya isarsa man babur zuwa Korama ya ga yadda rairayi yake cin fadamun rake da rogo. To, wa zai kai shi? Furoje. Motar furoje, abincin furoje, kuɗin zama na furoje. Ba sai an ce masa ya yi ƙarya ba. Inda aka kai shi nan zai gani, wanda aka gabatar masa shi zai ji. Baki in ya ci, ido kan ji kunya. Shi ya sa labarin yanayi a kafofinmu galibi labarin buɗe taro ne da rufe taro. Haka tarukan duniya. A Kopenhagen, a 2009, ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara. A Sharm el-Sheikh, a 2022, an amince da asusun biyan asara. A Baku, a 2024, an ce biliyan 300 a shekara kafin 2035. Ana karanta waɗannan lambobi da murya mai daɗi. Tambayar da ta dace ita ce nawa ya iso, bashi ne ko kyauta, ta hannun wa ya bi, kuma rijiya nawa ya zama a gundumar Kance.

Shinge na biyar ba ya buƙatar dogon bayani. A 2010 ƙasar nan ta soke ɗaurin ƴan jarida saboda abin da suka rubuta. A Agustan 2023 aka dakatar da RFI da France 24, a Janairun 2024 aka dakatar da Gidan Ƴan Jarida, a Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a cikin dokar laifukan intanet, a Disamban 2024 aka dakatar da BBC. Kowa yana da ra'ayinsa a kan gidajen rediyon waje, kuma ba lauyansu muke ba. Abin da muke cewa shi ne, inda ɗan jarida yake auna kowace kalma da tsoro, zai gudu zuwa batun da ba ya ɓata wa kowa rai. Zagin hayaƙin Turai ba shi da hatsari. Tambayar abin da ke cikin rumbun tsimi na gwamnati yana da shi. Kuma tunda Nijar ta zama mai haƙo mai, da matatar Damagaram tun 2011 da bututun da ya kai gaɓar tekun Benin, akwai sabuwar tambaya a kan teburi: kaso nawa na kuɗin man zai koma ga manomin da zafi yake ƙona wa gona? Gwamnatin da ta hana a faɗi inda ke yoyo, ita ɗakin zai fara faɗo wa. Tarihin 1974 yana nan.

Saura zancen imani, wanda wasu ƴan boko suke ɗauka shinge ne. Mu ba mu ɗauke shi haka ba. Gaskiya ne akwai mai jin hasashen damina ya ce ana shiga sanin gaibu. Amma manomin nan shi ne yake duban zuwan shamuwa, da juyawar iska, da tohon itatuwa, ya ce damina ta kusa, kuma bai taɓa ganin ya saɓa wa Mahalicci ba. Ma'aunin masana alama ce irin wannan, sai dai ta fi nisan gani. Duk yaron makarantar allo ya san ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam, da tanadin shekarun wadata domin shekarun tsanani. Roƙon ruwa ba ya hana gyaran magudana. Ɗan jaridar da ya shigo da girman kai, yana yi wa mutane kallon jahilai, shi ya rufe wa kansa ƙofa. Wanda ya zauna da liman da sarkin noma kafin ya buɗe makirfo, zai tarar rabin aikin an yi masa.

Saboda haka muna kira. Ga ƴan jarida: kada kalmar «canjin yanayi» ta fita ita kaɗai. Duk inda aka faɗe ta, a biyo ta da wuri, da shekara, da adadi, da sunan ofishin da ke da alhakin abin da ya rage. A riƙa tambayar tsofaffin manoma kamar yadda ake tambayar masana, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A koma bayan damina a auna hasashen da aka watsa da abin da ya faru, a gaban jama'a. A ba rediyon karkara muhimmanci, wadda tun da aka buɗe ta farko a Bankilare a 1999 ita ce jaridar talaka, a kuma tuna cewa dubban mutanen da ake kira marasa karatu suna karanta ajami.

Ga ma'aikatan gwamnati, masu karatunmu na ofisoshin noma da kiwo da yanayi: littafin ruwan sama ba sirrin soja ba ne. Ruwan da aka auna a Matamaye da Kance shekara da shekaru dukiyar jama'a ce. A liƙa shi a ƙofar ofis, a ba wakilin rediyo ba tare da sai ya kawo takarda daga Yamai ba. Ma'aikacin da ya faɗi gaskiyar giɓin amfanin gona a watan Oktoba ya ceci ran da ba za a iya ceta a watan Yuni ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga ƴan kasuwa kuma: ku ne kuka fi kowa sanin darajar labari. Wanda ya riga sanin cewa wake ya yi kyau a Magarya ko ya lalace a Daura, ya riga cin riba. Labarin da kuke samu kyauta, wani ne ya biya kuɗinsa, kuma don buƙatarsa ya biya. In kuna son rediyon da za ta gaya muku gaskiyar damina da gaskiyar iyaka, ku ba ta talla, ku sayi jarida, ku sa wakili ya iya zuwa ƙauye da man da ba na furoje ba. Ku kuma yarda cewa ranar da ya zo tambayar abin da ke cikin sito, aikinsa yake yi.

Zafin da ya ƙaru ba zai koma ba a zamaninmu, ko da an kashe dukan masana'antun duniya gobe. Wannan ba ya hannun mutumin Ɗan Barto. Amma buɗe iyaka da rufe ta, da yashe magudana, da cika rumbun tsimi, da barin gawo ya girma a gona, duk a hannun mutane suke, mutanen da ke da suna da ofis. Jama'a suna da haƙƙin sanin wanne ne wanne, don su san abin da za su yi wa haƙuri da abin da za su nemi ba'asi a kansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma sai in abin da kunnen ya ji gaskiya ne, kuma cikakkiya.